TSAKANIN KAMU DA HUKUNCI: INA TALAKA YA TSAYA?

Duk wanda hanya ta taɓa bi da shi ta bakin kotun majistare da misalin ƙarfe takwas na safe, a Kano ne ko Kaduna ko Bauchi, ya san irin taron da akan samu a gindin itatuwan da ke harabar. Dattawa ne da matan aure da ƙannen mutane, wasu riƙe da kwanon abinci ɗaure cikin ƙyalle, suna dakon isowar motar gidan yari, ko Allah zai sa su hangi nasu ta 'yar tagar ƙarfe. In mutum ya tsaya ya kasa kunne, zai ji cewa tambayoyin da suke yi wa juna ba su wuce biyar ko shida ba. Da wane laifi aka kama shi? Kwana nawa za su riƙe shi? Nawa ne kuɗin beli? Mace tana iya tsaya masa? Tun da mai ƙara ya ce ya yafe, me ya hana a sake shi? Sa'an nan babbar tambaya, wadda ta fi kowace ɗaci a baki: yaushe za a fara shari'ar?

Babu ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan da doka ba ta amsa ba, kuma a rubuce. Amma wanda ya fi saurin amsa wa bayin Allahn nan shi ne ɗan kamashon da ke zagaya harabar da tsohuwar jaka a hammata, wanda cinsa da shansa suka dogara ga rashin sanin jama'a. Shi ne zai ce da tsohuwa ta kawo dubu kaza don a ga rajistara, ta ƙaro dubu kaza don a motsa fayil. Ita kuwa sai ta sayar da 'yar akuyarta ta kawo, domin ba ta da mai gaya mata cewa yawancin abin da ake sayar mata haƙƙin ɗanta ne tun fil azal.

Gaskiyar magana ita ce dokokin Nijeriya ba su gaza ba wajen kare wanda ake tuhuma. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin ranar kamu da ranar hukunci. A cikin wannan tazara ake ɗaure dubban mutanen da babu alƙalin da ya same su da laifi, kuma mafi yawan masu riƙe da mabuɗan wannan ɗauri ma'aikata ne masu zama a bayan tebur, waɗanda ko ƙofar gidan yari ba su taɓa takawa ba.

Kafin a kai nan, ya kamata a rarrabe abubuwa uku da jama'a ke cakuɗawa, watau zargi da tuhuma da hukunci. Zargi shi ne abin da ɗan sanda ke kama mutum a kansa. Tuhuma ita ce abin da ake karanta masa a gaban alƙali. Hukunci kuwa sai an kawo shaidu, an ba shi damar yi musu tambayoyi, an kuma ji ta bakinsa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka tuhuma da laifi za a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifin, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ɗora nauyin tabbatarwar a wuyan mai gabatar da ƙara, har sai babu sauran kokwanto mai ma'ana. A cikin unguwa kuwa ba haka abin yake ba. Ranar da aka ga mutum da ankwa, ran nan aka gama masa shari'a. A fasa ba shi aure, mai gidan haya ya ba shi notis. Al'adar nan ta jera waɗanda aka kama a gaban 'yan jarida da na'urorin ɗaukar hoto ita ta ƙara wa abin gishiri, kuma Jihar Legas ta yi daidai da ta haramta ta a gyaran dokarta na 2021.

Game da kwanakin da 'yan sanda za su iya riƙe mutum a bayan kanta, sashe na 35 bai bar wurin gardama ba. Tilas ne a sanar da shi dalilin kama shi, a rubuce, cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Tilas ne kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da ikon jin maganar a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne shi aka togace daga wannan ƙa'ida. A cikin biranen ƙasar nan da wuya a sami ofishin 'yan sanda da ya yi nisan kilomita 40 da kotu. Saboda haka wanda ya yi mako guda a bayan kanta a kan zargin satar wayar hannu, ba tare da umarnin alƙali ba, tsarewar haram aka yi masa, kuma sashen nan ya ba shi haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Masu sha'awar kamun ranar Juma'a da yamma, don mutum ya kwana uku kafin kotu ta zauna, sun san abin da suke yi.

Akwai kamu iri biyu da doka ta hana ƙarara, amma har gobe ana yi. Na farko shi ne kama wani a madadin wani: a zo neman ɗa ba a same shi ba, a tafi da uban, ko a tafi da matar mutum har sai ya kawo kansa. Sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya haramta wannan, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta sake nanatawa.

Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi wuyar ganewa, watau mayar da rigimar bashi ta zama laifi. Ɗan kasuwa ya ba abokin cinikinsa kaya bashi, kasuwa ta juya, lokacin biya ya wuce. Hanyar da doka ta tanada ita ce ya kai ƙara kotu a bi masa haƙƙinsa. Amma wannan hanya tana da nisa, shi kuwa yana son kuɗinsa yau, sai ya nufi ofishin 'yan sanda. Da yake kowa ya san bashi ba laifi ba ne, sai a sauya wa maganar riga, a rubuta cin amana da zamba. A haƙiƙa waɗannan laifuka ne na gaske a cikin kundin Fenal Kod, amma suna da sharuɗɗansu. Zamba tana bukatar a nuna cewa tun da farko mutum ya yi nufin yaudara. Cin amana kuwa sai an nuna an danƙa masa dukiya amana ya karkatar da ita da gangan. Wanda ya ci bashi da niyyar biya, karayar arziki ta same shi, bai shiga ko ɗaya ba. Sashe na 8 na dokar 2015 ya ce kada a kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba kawai, kotunan ƙasar nan kuma sun sha faɗi cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Duk da haka mutum nawa ne suka sa hannu a takardar alkawarin biya a kan kantar caji ofis, da tsakar dare, don kawai su koma gida? Attajirin da ya yi wannan yana jin ya yi dabara, ya manta cewa gobe shi ma wani wanda ya fi shi zai iya binsa bashi.

Sai maganar bayanin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda. Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Dokar 2015 ta tanadi a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa, ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ta kuma yi tanadin ɗaukar amsa laifi a bidiyo. Amsa laifin da aka samu ta hanyar duka ko barazana ba hujja ba ce a kotu, jami'in da ya azabtar da mutum kuwa yana fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 a ƙarƙashin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Abin da ya fi cutar da mutanen karkara a nan shi ne dangwala yatsa a kan takardar da aka rubuta da Turanci ba a karanta musu ba. Dangwalen minti ɗaya kan ci wa lauya shekara guda yana ƙoƙarin warwarewa.

Yanzu ga beli, wanda a kansa aka fi cin kasuwa. A bangon ofisoshin 'yan sanda da yawa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne, kuma haka doka take. Duk abin da aka karɓa a kan kanta da sunan kuɗin beli, ko kuɗin takarda, ko kuɗin biro, cin hanci ne, ko da wane suna aka raɗa masa. A kotu ma jama'a suna da kuskuren fahimta. Idan alƙali ya ce ya ba da beli a kan Naira 200,000 da mutum ɗaya mai tsayawa, galibi ba cewa ya yi a ƙirgo kuɗin a ajiye ba. Alkawari ne mai tsayawar yake sa wa hannu, cewa in wanda ake tuhuma ya gudu, shi zai biya wannan adadi. Inda kotu ta ce a ajiye kuɗi kuwa, ajiya ce, ana bayar da rasiɗi, ana kuma mayarwa in shari'a ta ƙare.

Manufar beli guda ce, a tabbatar mutum zai dawo kotu ranar da aka sa. A ƙananan laifuka haƙƙi ne. A laifukan da ɗaurinsu ya haura shekara uku ana bayarwa sai dai in mai gabatar da ƙara ya nuna dalili, kamar tsoron gudu ko razana shaidu. A laifukan kisa kuwa Babbar Kotu ce kaɗai ke bayarwa, shi ma sai da dalili na musamman, irin su matsanancin ciwo ko jinkirin shari'a da ya wuce shekara guda. Tambayar da matan nan na gindin bishiya ke yi ma tana da amsa: sashe na 167 na dokar 2015 ya ce ba za a hana kowa tsaya wa wani ba don kawai mace ce. Uwa tana iya tsaya wa ɗanta, mata tana iya tsaya wa mijinta.

A nan akwai abin da ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Shekara da shekaru wasu alƙalai sun saba gindaya sharaɗin cewa mai tsayawa ya zama ma'aikaci mai matakin albashi na 14 ko na 16, mai gida a unguwa kaza. Ina manomin da ya zo daga ƙauye zai samo darakta? Abin da wannan sharaɗi ya haifar shi ne sana'ar tsayawa don kuɗi, da takardun ɗaukar aiki na jabu. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja, a shari'ar belin Kanar Sambo Dasuki, ta janye sharaɗin kawo ma'aikata masu mataki na 16. To, in tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ya sha wuyar cika irin wannan sharaɗi, sai a auna halin ɗan acaɓa. Doka ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani. Belin da ba za a iya cikawa ba hana beli ne cikin lalama. Shi kuma ma'aikacin da ɗan garinsu ya roƙa ya tsaya wa wani, lalle ya san abin da yake sa wa hannu. In mutumin ya tsere, kotu za ta nemi mai tsayawar ya kawo dalilin da zai hana a ci shi kuɗin, in ya kasa biya ana iya ɗaure shi har wata shida.

A jihohin Arewa yawancin shari'un laifi a kotun majistare suna farawa ne da takardar da ake kira rahoton farko, wadda ɗan sanda mai gabatar da ƙara ke karantawa. Wannan tsari gadon 1960 ne. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato wani kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa ga shawararsa aka tsara Fenal Kod da kundin bin shari'ar laifuka, aka ɗauko samfurinsu daga na Sudan, wanda shi ma asalinsa na Indiya ne. Abin lura shi ne gwamnatin wancan zamani ba ta tsaya ga buga doka ba, sai da ta riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya ana koya musu sabon tsarin. Dokar 2015 ta Tarayya ce, jihohi kuma sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, da 'yan bambance-bambance. Amma irin wancan ƙoƙari na kai doka ga masu aiki da ita, balle ga talakawa da harshensu, bai kai yadda ake bukata ba.

Idan an karanta tuhuma, alƙali zai tambayi mutum ko ya fahimta, sa'an nan ko ya amsa. Wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi yana da haƙƙin tafinta, kyauta. Wannan wuri ne mai santsi. Sau da yawa wani yakan raɗa wa wanda ake tuhuma cewa ya amsa kawai, tara ce 'yar kaɗan, yau zai kwana gida. Mai yiwuwa ne ya kwana gida, amma ya kwana da tabon wanda kotu ta taɓa samu da laifi, kuma tabon zai fito ranar da ya nemi aikin gwamnati ko ya shiga takara. Ɗalibai musamman su yi hattara da wannan. A laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya ce ya amsa, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, a kawo shaidu, kuma tilas ne ya sami lauya. Marar hali yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ko da yake lauyoyinta sun yi ƙaranci ƙwarai in an gwada da yawan mabukata.

Batun yafewa ba ya bukatar dogon bayani. Ƙarar laifi ta hukuma ce, wanda aka cuta shaida ne a cikinta. Akwai ƙananan laifuka da doka ta yarda a sasanta, amma fashi da makami ko fyaɗe ba sa mutuwa don wani ya ce ya haƙura. Antoni Janar yana da ikon dakatar da ƙara kafin hukunci, bisa ga sashe na 174 da na 211 na Tsarin Mulki. Har wa yau akwai bambanci tsakanin sallama da wankewa. Wanda aka sallama don shaidu ba su zo ba ana iya sake gurfanar da shi. Wanda aka wanke bayan cikakkiyar shari'a ba a sake tuhumarsa da wannan laifi.

To, yanzu sai tambayar ƙarshe, wadda ita ce uwar sauran. Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta riƙa fitarwa a 2023 da 2024 sun nuna mutane wajen 80,000 a tsare a faɗin ƙasar nan, kuma kimanin biyu daga cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke yi. Wannan ba sabon ciwo ba ne, kuma hanyar da yake shiga jiki sananniya ce.

Ga yadda abin yake tafiya. 'Yan sanda sun kama mutum bisa zargin fashi da makami ko kisan kai. Waɗannan laifuka Babbar Kotu ce ke da ikon jin su, amma kai ƙara Babbar Kotu yana bukatar a kammala bincike, a kuma sami shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Don haka sai a kai shi gaban majistare, wanda ba shi da ikon yin shari'ar, ba shi kuma da ikon ba da beli. Abu ɗaya ya rage masa, ya rubuta a ajiye mutumin a gidan yari har a sami shawara. Daga wannan rana mutumin ya fita daga hannun 'yan sanda, bai kuma shiga hannun jojin da zai yi masa shari'a ba. Rayuwarsa ta koma cikin fayil. Fayil ɗin yana jiran a buga kwafinsa, babu takarda a ofis. An buga, yana jiran mai kai shi Ma'aikatar Shari'a. An kai, lauyan da aka ba ya tafi kwas. Shawara ta fito, ba wanda ya mayar da ita kotu. Kafin nan an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, shaidu sun watse. Ranar da za a ambaci maganar a kotu kuma motar gidan yari ba ta da mai. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya yi nufin mugunta, kowa yana da uzurinsa, amma in an tara uzurorin sai su zama shekara biyar.

A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majistare yana da ikon ba da umarnin irin wannan ajiya a ƙarƙashin dokar Legas. Abin da ya rage a lokacin shi ne rashin wa'adi. A 2012 Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba da umarnin sakin wani mutum da aka ajiye a gidan yari a Legas tun 2003 ba tare da an taɓa fara masa shari'a ba. Shekara tara ke nan. Dokar 2015 ta zo ta sa wa abin agogo: umarnin ajiya ba ya wuce kwana 14 a karon farko, ana iya ƙara wasu 14 in an nuna dalili, bayan haka kotu za ta kira hukuma ta zo ta faɗi abin da zai hana a saki mutumin. Ta ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso gare shi. Ta ce in an fara shari'a a riƙa yi kullum, in hakan ba ta yiwu ba kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. Ta kuma wajabta wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, su duba littafin kamu, su ba da beli inda ya dace. Tanadi ne mai kyau ƙwarai. Amma agogo ba ya amfanar kowa in babu mai duba shi, kuma alƙaluman da aka ambata a sama sun fito ne bayan shekara takwas da kafa dokar.

Akwai wani dalili da ba a cika faɗi ba. Mafi yawan waɗanda ke tsare laifukan dokar jiha ake zarginsu da su, 'yan sandan Tarayya suka kama su, kotunan jiha suka tura su, Gwamnatin Tarayya ke ciyar da su. Watau jihar da fayil ke kwana a ma'aikatarta ba ita ke biyan kuɗin tuwon mai jiran fayil ɗin ba, saboda haka jinkiri ba ya yi mata zafi a aljihu. Gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu gidajen gyaran hali, wataƙila ranar da gwamna ya fara ganin lissafin abincin masu jiran shari'a a cikin kasafin kuɗinsa, fayiloli za su koyi tafiya. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara Naira miliyan 585 ta biya wa fursunoni 4,068 tarar da suka kasa biya, aka sake su. Aikin alheri ne, babu shakka. Sai dai waɗannan an riga an yanke musu hukunci, sun san abin da ake binsu. Mai jiran shari'a ko tarar da wani mai tausayi zai biya masa ba shi da ita.

Wani zai ce ai cikin waɗannan mutane akwai 'yan fashi na gaske, da masu satar mutane, kuma sakinsu haɗari ne. Haka ne. Amma wannan hujja ce ta a hanzarta shari'a, domin jinkiri mai laifi ya fi yi wa rana. Bayan shekara shida shaidu sun mutu ko sun manta, kayan shaida sun ɓace, tilas joji ya sallame shi. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa bai ga adalci ba, wanda aka kama bisa kuskure ya yi zaman da ba a mayar masa, kuma yakan fito da sana'ar da bai shiga da ita ba.

Kada ma'aikaci ya ɗauka wannan matsalar mutanen ƙauye ce. Bisa ga ƙa'idojin aikin gwamnati, wanda aka gurfanar a kan laifi ana iya dakatar da shi a kan rabin albashi har shari'a ta ƙare. In an wanke shi za a biya shi abin da aka riƙe, amma wa zai biya shi shekarun da 'ya'yansa suka yi ana koro su daga makaranta? Ɗalibin da aka kwashe cikin samamen dare, mako biyu kafin jarrabawa, shekara guda ya rasa ko da an sake shi bayan wata ɗaya. Akawun da ya bar fayil a ƙarƙashin tulin takardu don ba a zo an gaishe shi ba, ya kamata ya san cewa mutum ne a cikin fayil ɗin.

Abin da ake bukata daga mahukunta ba sabuwar doka ba ce. Kowace Ma'aikatar Shari'a ta jiha ta riƙa bayyana wa jama'a, duk wata uku, yawan fayilolin da suka shigo, da waɗanda aka ba da shawara a kansu, da wanda ya fi daɗewa. Manyan jojin jihohi su riƙa neman rahoton ziyarar wata-wata daga majistarori a rubuce, su kuma yawaita amfani da ikon da doka ta ba su tun 1977 na shiga gidajen yari su saki waɗanda zamansu ya wuce ɗaurin da za a yi musu ko da an same su da laifin. Gidajen rediyon gwamnati kuwa, da ke da lokacin sanarwar ɗaurin aure da naɗin sarauta, ba za su rasa rabin sa'a a mako ba da za a karanta wa jama'a sashe na 35 da na 36 da Hausa.

Su kuma iyalan da ke zaune a gindin bishiya, akwai abin da za su iya yi ba tare da ɗan kamasho ba. Su nemi lambar ƙarar da ranar da aka ba da umarnin ajiya daga wurin rajistaran kotu, su rubuta su adana. Su tambayi ranar da aka aika da fayil Ma'aikatar Shari'a. In wa'adin ajiya ya cika ba a ce komai ba, su kai waɗannan bayanai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garin, ko su rubuta takardar koke zuwa ga Babban Jojin jiha. Sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye, ƙa'idojin 2009 kuma sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare.